Ista a Garwa: Bishara Daga Bakin Wanda Ya Zauna

Bikin Ista yakan faɗo tsakanin ƙarshen watan Maris da ƙarshen Afrilu, kuma duk wanda ya san Garwa ya san wannan shi ne tsakiyar bazara. Zafi yakan haura digiri 40, kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi, kuɗin audugar da manomi ya karɓa daga kamfanin SODECOTON sun kusa ƙarewa bayan an cire bashin taki da maganin feshi, hatsin rumbu ya fara ja baya, damina kuwa da saura. A irin wannan lokaci ne Kiristocin arewacin Kamaru suke cika babbar majami'ar Sainte-Thérèse da cococin Lutaran da ƙananan majami'un ƙauye masu rufin kwano ko na ciyawa, suna faɗa da Fulatanci da Faransanci da Hausa da Tupuri da Mundang da Mafa da Masa cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu. Magana ce mai nauyi ko'ina aka faɗe ta, amma nauyinta ya ninka a yankin da ya yi sama da shekara 10 yana binne 'ya'yansa saboda Boko Haram da masu garkuwa da mutane da ambaliya da yunwa. Ra'ayina shi ne, a ƙasa irin wannan labarin tashin Yesu ba ya shiga kunne sai daga bakin wanda ya zauna da mutane a cikin wahalarsu, bai gudu ba, bai kuma sa wa taimakonsa farashi ba. Labarin da kansa ne yake neman haka daga duk wanda ya ɗauke shi.

Tun da farko ya kamata a faɗa wa mai karatu gaskiya, domin akasarin masu karanta jaridar Hausa Musulmi ne. A kan wannan batu Kirista da Musulmi sun rabu, rabuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Musulmi yana girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, ya yarda da haihuwarsa ta mu'ujiza, yana jiran dawowarsa, amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya koyar da cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Shi kuwa Kirista, bangaskiyarsa gaba ɗaya ta rataya a kan cewa an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya ce ai duk ɗaya ne ya raina addinan biyu. Abin da nake fata shi ne ɗan'uwa Musulmi ya fahimci me maƙwabcinsa yake nufi idan ya yi Ista, shi kuma Kirista ya ga irin kayan da furucinsa yake ɗora masa a ka.

Idan mutum ya bi yadda Linjila huɗu suka ba da labarin kwanakin nan uku, abin da zai fara lura da shi shi ne wa ya gudu, wa ya tsaya. Da aka kama Yesu, almajiransa maza suka watse. Bitrus, wanda ya fi kowa cika baki, ya yi musun saninsa har sau uku kafin zakara ya yi cara. Waɗanda suka tsaya har ƙarshe yawancinsu mata ne, Maryamu Magadaliya da abokan tafiyarta. Sun ga mutuwar, sun bi gawar sun ga inda aka ajiye ta, da asubar Lahadi kuma suka koma da kayan ƙanshi don su yi wa mamaci abin da ya kamata a yi masa. Haƙƙin gawa ne ya kai su kabarin, ba su je neman mu'ujiza ba. Su ne kuwa aka fara danƙa wa labarin tashin. Masana tarihi sun daɗe da lura cewa a wancan zamani shaidar mace ba ta da nauyi sosai a gaban shari'a, don haka mai son ƙirƙirar labarin da za a yarda da shi da ba zai sa mata a gaba ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Korinti, wadda ya rubuta shekara 20 da 'yan kai bayan aukuwar abin, ya lissafa shaidu, har da taron mutum sama da 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna raye a lokacin, wato ana iya zuwa a tambaye su. Waɗannan hujjoji suna da muhimmanci ga Kirista. Amma abin da ya fi shafar Garwa da Marwa da Mokolo shi ne yadda abin ya jeru: zama ya riga magana. Waɗanda suka iya jure kallon wahalar su ne aka ba amanar albishir.

Wani abin kuma da ake yawan tsallakewa a wa'azin Ista shi ne Yesu da tabon ƙusoshi ya tashi. Ya nuna wa almajirinsa Toma hannuwansa da gefensa. Tashin bai shafe Jumma'ar gicciye ba, kuma wanda ya tashi bai nufi fadar Bilatus ko gidan babban firist don ɗaukar fansa ba. Ya bi wasu almajirai biyu da gwiwarsu ta yi sanyi suna komawa ƙauyen Imuwasu, ya tambaye su me yake damunsu, ya bar su suka amayar da abin da yake cikinsu, sa'an nan ya yi magana, ba su ma gane shi ba sai da aka zauna cin abinci. Daga nan Kirista ya samo fahimtarsa game da kasancewar Allah a cikin wahala. Ba a yi masa alkawarin harsashi zai kauce masa ko ruwan kogin Logon zai tsallake gonarsa ba. An gaya masa Allah ya shiga wahalar ɗan Adam har ƙarshenta, wato kabari, ya kuma fito. Saboda haka babu ramin da mutum zai faɗa wanda Allah bai san zurfinsa ba, hukuncin ƙarshe a kan wanda aka kashe kuma ba ya hannun mai bindiga.

Shi ya sa wani irin wa'azi da ya yi yawa a biranenmu yake ba ni tsoro, wa'azin da yake mayar da tashin Yesu tabbacin samun kuɗi da aure da biza. Mai irin wannan wa'azi zai dubi matar da mijinta yake hannun masu garkuwa a dazukan Mayo-Rey ya ce ta kawo kyautar kuɗi ta nuna bangaskiyarta, mijinta zai dawo. Idan bai dawo ba, an bar ta da kaya biyu: rashin miji da zargin kanta cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya jawo. A shekarar 2013 hukumomin Kamaru sun rufe gomman majami'u marasa rajista a Yawunde da wasu birane saboda irin waɗannan koke-koke, amma kwaɗon ɗan sanda ba ya gyara koyarwa. Gyaran yana hannun ikilisiya, kuma yana farawa ne daga faɗa wa jama'a gaskiya cewa wanda suke bi ya sha wuya, manzanninsa ma sun sha.

Tarihin yankin nan ya goyi bayan wannan ra'ayi. Kiristanci baƙo ne na kwanan nan a arewacin Kamaru idan aka kwatanta shi da Musulunci, wanda ya kafu a ƙasar Kotoko da Mandara tun ƙarnuka, ya kuma bazu tare da lamidai bayan jihadin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19. 'Yan mishan na Lutaran daga Amurka da Nowe sun isa yankin Ngaundere a 1923 da 1925, wasu Lutaran ɗin suka zauna a wajajen Yagwa a cikin shekarun 1920, Katolika kuwa sai a 1946 tawagar limaman Oblat ta iso a ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na farko na Garwa. Ba dukan tarihin nan ne mai tsabta ba. Sun shigo a inuwar mulkin mallaka, wasunsu sun raina al'adun mutanen da suka tarar, wasu kuma sun ɗauki Musulmi abokin gaba tun kafin su gaisa da shi. Amma idan aka tambayi tsofaffin ikilisiya su wa suke tunawa da alheri, za a ji sunayen waɗanda suka koyi harshe, suka ci tuwon gidan mutane, suka tsufa a nan. Plumey kansa da ya ajiye aiki a 1984 bai koma Faransa ba, ya zauna a Ngaundere, a can aka kashe shi a gidansa a watan Satumbar 1991.

Misalin da ya fi kowanne bayyana shi ne na Simon Mpeke, wanda mutanen tsaunukan Mandara suka laƙaba wa suna Baba Simon. Ɗan kudancin Kamaru ne daga yankin Edeya, an haife shi a 1906, yana cikin rukunin 'yan ƙasa takwas na farko da aka naɗa limaman Katolika a 1935. Yana da babbar ikilisiya a unguwar New-Bell ta birnin Duwala, yana da daraja da jama'a, amma a 1959, ya haura shekara 50, ya bar duk wannan ya nufi arewa, ya sauka a Tokombere tsakanin Mada da Zulgo da Muyang da maƙwabtansu. Waɗannan mutane ne da kakanninsu suka hau duwatsu don tsira daga farautar bayi, gwamnatin mallaka da ta 'yan ƙasa duk ba su damu da su ba sai lokacin karɓar haraji. Baba Simon ya riƙa hawa duwatsun nan ba takalmi. Ya zauna da dattawan da suke jagorantar hadayar gargajiya, ya saurare su, ya gane sun san Allah Mahalicci tun kafin zuwansa, bai kuwa ɓoye wannan ba. Ya matsa wa iyaye su sa yara a makaranta, domin ya san mutumin da bai iya karanta takardar haraji da ta shari'a ba kullum a hannun wani yake. A gefensa likita Giuseppe Maggi daga Suwizalan ya kafa asibitin Tokombere, wanda bayan Baba Simon wani limami kuma likita, Christian Aurenche, ya riƙe shekaru masu yawa. Baba Simon ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975, a watan Mayun 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ake bi kafin a kai mutum ga waliyyai a cocin Katolika. Ba a san shi da taron gangami na dubban mutane ko lasifika mai tashin unguwa ba. Bai daina faɗar sunan Yesu ba ko na rana ɗaya, amma an saurare shi ne saboda an riga an ga ƙafarsa a ƙofar gida ranar ciwo da ranar mutuwa. Hausawa sun gama magana da suka ce zumunci a ƙafa yake.

Jarrabawar wannan zamani ta zo da Boko Haram. A watan Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa bakwai kusa da gandun dajin Waza. A Nuwamba na shekarar aka ɗauke Fada Georges Vandenbeusch daga gidan mishan na Ngecewe, inda ya zaɓi ya ci gaba da zama duk da gargaɗin hukumomin ƙasarsa, aka sake shi ranar 31 ga Disamba. A Afrilun 2014, ana saura makonni biyu a yi Ista, aka sace limamai biyu 'yan Italiya, Giampaolo Marta da Gianantonio Allegri, tare da Sista Gilberte Bussière 'yar Kanada, wadda ta haura shekara 70, daga Cere kusa da Marwa. Sai a farkon Yuni suka samu 'yanci. Bayan haka akasarin 'yan mishan na ƙasashen waje suka janye daga kan iyaka, kuma ba za a zarge su ba, domin zamansu ya koma abin da yake jawo hari a kan maƙwabtansu. Wani zai ce to ga shi nan, masu wa'azin zama sun tafi da wuta ta yi zafi. Amsar ita ce ikilisiya ba ta tafi ba, domin tun da daɗewa ta daina zama ta Turawa. Katikis na ƙauye, faston da albashinsa buhun dawa ne daga gonakin membobi, matan zumunta, limamai 'yan ƙasa a ƙarƙashin Bishop Bruno Ateba na Marwa da Mokolo da Bishop Barthélemy Yaouda na Yagwa, su ne suka rage. A wajajen Turu da Moskota an ƙona majami'u, ƙauyuka suka zama kufai, mutane suna kwana a kan duwatsu su sauko noma da rana. Waɗanda suka bi su can, suka binne matattu, suka raba ɗan hatsin da aka samu, suka tara yara a gindin bishiya don kada karatu ya mutu, ba su da jirgin da zai kwashe su, sunayensu kuma ba sa fitowa a rediyon Faransa. Idan irin wannan mutum ya tsaya ranar Ista ya ce mutuwa ba ta ci nasara ba, jama'a sun san ya ga mutuwar da idonsa.

A nan wajibi ne Kirista ya kiyaye harshensa daga wani kuskure da ya zama ruwan dare a rahotannin da ake aikawa ƙasashen waje, wato ba da labarin wahalar nan kamar Kirista kaɗai ta ci. A Fotokol, ranar 4 ga Fabrairun 2015, maharan sun kashe gomman mutane, har da masu salla a cikin masallaci. A Kuyape, a watan Janairun 2016, bam ya tashi ana tsakiyar sallar asuba. Hare-haren Marwa na Yulin 2015 sun faɗa wa kasuwa da unguwar Hausawa da wurin shaƙatawa, ba su tambayi kowa addininsa ba. An sace lamidon Kolofata a 2014, an kashe limamai da malamai da suka ƙi bin aƙidar maharan. An kuma sha ba da rahoton garuruwan da Kiristoci suke gadin masallaci ranar Jumma'a, Musulmi su yi gadin coci ranar Lahadi. Kiristan da ya yi imani Allah yana tare da mai shan wahala ba shi da ikon zaɓar wanda zai yi wa kuka. In ya zaɓa, ya ƙaryata abin da yake furtawa.

Tambaya mafi wuya tana nan, kuma ba daga bakin kafiri kaɗai take fitowa ba, tana fitowa daga bakin mai bi da dare ya yi masa tsawo. A daren farkon Agustan 2020 an kai hari wurin da 'yan gudun hijira suke kwana a Ngecewe, aka kashe aƙalla mutum 17, cikinsu da yara. Mutane ne da suka riga suka gudu sau ɗaya. Ina Allah yake a daren? Duk amsar da ta zo da sauri a kan wannan tambaya abin tuhuma ce. Abokan Ayuba, wanda Kirista da Musulmi duka suka san haƙurinsa, sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi shiru, suka ɓata da suka fara bayyana masa dalilin ciwonsa, har Allah ya tsawata musu. Bangaskiyar Kirista ba ta ba da lissafin dalilin da ya sa wannan yaro ya mutu wancan ya tsira. Abin da take da shi shi ne cewa Yesu kansa ya yi kukan an yashe shi a kan gicciye, kuma tsakanin Jumma'a da Lahadi akwai Asabar guda cur wadda babu abin da aka ji daga sama. Mutane da yawa a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da Logon da Shari suna cikin wannan Asabar ɗin har yanzu. Mai wa'azin da ya yi musu tsalle zuwa Lahadi ba tare da ya zauna da su a Asabar ba ya cuce su. Kowa ya san yadda zaman makoki yake a ƙasarmu: wanda ya leƙo daga bakin ƙofa ya zuba nasiha ya wuce, ba a riƙe maganarsa, amma wanda ya cire takalmi ya zauna a tabarma kwana uku, in ya ce a yi haƙuri, sai maganar ta samu wurin zama. Haka shaidar tashin matattu take.

Akwai kuma masu cewa duk wannan maganin barci ne: a koya wa talaka jimiri da begen lahira, gwamnati ta huta da tambaya. Zargin yana da tushe, domin an yi amfani da addini haka, a cikin coci da wajenta. Yankin Arewa Mai Nisa yana cikin mafi talauci a Kamaru tun kafin a ji sunan Boko Haram. Ambaliyar 2012, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo ruwa ya mamaye gefen Binuwai har cikin Nijeriya, da ta 2024 da ta cinye unguwanni a Yagwa, ba ƙaddara ce zalla ba, akwai sakacin gyaran madatsai da rashin gargaɗi a kan lokaci. Rikicin Logon-Birni na 2021 tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, wanda ya kori dubun dubatar mutane zuwa Cadi, rikicin ruwa ne da ƙasa wanda hukuma ta bari ya ruɓe. Wa'azin da ya ce wa waɗannan mutane su yi shiru su jira sama ya ci amanarsu. Amma koyarwar tashin matattu, in an bi ta yadda take, akasin haka take haifarwa. Tashin jiki ake magana, ba tserewar ruhu ba, don haka jikin mutum yana da daraja a gaban Allah: cikinsa, jininsa, ruwan da yake sha. Wanda ya gaskata haka ba zai iya kallon yaro yana mutuwa da kwalara ya ce ba ruwansa ba. Abin da ya sa aka gina asibiti a Tokombere da Ngaundere da makarantu a ƙauyukan da gwamnati ba ta kai ba ke nan. Shi ne kuma ya kamata ya sa shugabannin ikilisiya su buɗe baki a gaban gwamna da minista a kan hanya da rijiya da tsaro. Mutumin da ya daina jin tsoron kabari yana da wuyar tsoratarwa, mai mulki kuwa ya fi kowa sanin haka.

Sai batun da ya fi jawo zargi tsakanin al'ummomin biyu, wato taimako da wa'azi. Musulmi da yawa suna ganin buhun masara da allurar asibitin mishan tarko ne. Bai kamata Kirista ya yi fushi da wannan zato ba, ya kamata ya tabbatar da aikinsa cewa ba haka ba ne, domin an taɓa samun masu yin hakan. Ɗora sharaɗin addini a kan abinci zalunci ne, kuma ta fuskar koyarwar Kirista ma ɓarna ce, domin bangaskiyar da aka saya da hatsi takan ƙare ranar da hatsin ya ƙare. A sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, mutum sama da 70,000 daga Nijeriya suka samu mafaka, Musulmi da Kirista, daga Gwoza da Banki da sauran garuruwan Borno. Ƙungiyar Lutaran ta duniya tana cikin waɗanda suka yi aikin dasa dubun dubatar itatuwa a wurin da buƙatar itacen girki ta mayar fili fetal, inuwar kuwa ba ta tambayar wanda ya zauna a ƙarƙashinta. A Yola, can ƙasa da Garwa kaɗan a kan kogin Binuwai, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'arsa ga 'yan gudun hijira a 2014, daga baya ya gina musu gidaje, a 2021 kuma ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Wasu Kiristoci sun soke shi a kan haka. A ganina ya fi masu sukarsa fahimtar Ista, domin ya yi wa mutane alheri a matsayinsu na mutane, ya bar zukatansu ga Allah.

Kada a ɗauka ina kiran Kirista ya yi shiru da bakinsa. Matan da suka je kabarin an aike su su faɗa, sun kuwa faɗa. Wanda ya gaskata an ci nasara a kan mutuwa, ya kuma ɓoye wa abokinsa da ya tambaye shi, bai yi masa adalci ba. Musulmi ya fi kowa gane wannan, domin shi ma addininsa ya ɗora masa da'awa. Wasiƙar Bitrus ta fari ta shawarci masu bi su kasance a shirye su ba da dalilin begensu ga wanda ya tambaya, cikin tawali'u da girmamawa, a nan ma tambaya ce take zuwa kafin amsa, tambayar kuwa rayuwar mutum ce take jawo ta. Tsarin mulkin Kamaru ya raba gwamnati da addini, ya kuma ba kowa 'yancin ibada, amma takarda ba ta isa ba. Tsofaffin Kiristocin arewa suna tuna matsin da suka sha a wasu masarautu a zamanin shugaba Ahmadu Ahidjo, lokacin da samun sarauta ko aiki yakan nemi mutum ya sauya suna da addini. A yau kuma wanda ya sauya addini, ko ta wane ɓangare, yakan rasa gida da mata da gado. 'Yancin da Kirista yake nema wa kansa na yin magana, dole ya yarda da shi ga malamin da yake wa'azi a ƙofar kasuwa, ya kuma yarda da shi ga ɗansa na cikinsa in ya zaɓi wata hanya. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi wa sababbin masu bi baftisma a Garwa ranar 11 ga Agustan 1985, bayan kwana takwas kuma ya tsaya a gaban dubban matasa Musulmi a Kasabalanka ta Maroko ya yi musu magana a kan abin da ya haɗa addinan biyu da abin da ya raba su. Bai ga saɓani tsakanin ayyukan biyu ba, kuma babu.

Garwa tana da nata rabon a wannan aiki, ko da yake bama-bamai ba su addabe ta yadda suka addabi Marwa da Mora ba. Tun shekarun 1970 manoma daga Arewa Mai Nisa suke gangarowa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, rikicin kan iyaka ya ƙara yawansu, yanzu suna cike da Lagdo da Ngong da Tuboro da unguwannin bayan gari. Can suka tarar da rigimar gona da makiyaya, da masu garkuwa da suke karɓar kuɗin fansa daga Mbororo mai shanu da manomin auduga ba bambanci. Iyalin da suka sayar da garke ko amfanin shekara don fanso mutum ɗaya sukan koma ba su da komai, maƙwabta kuma suna tsoron kusantarsu kada a ce suna da abin hannu. Babban bishop na Garwa, Faustin Ambassa Ndjodo, da shugabannin cocin Lutaran da na sauran ikilisiyoyi suna da abin da gwamnati ba ta da shi, wato mutum a kusan kowane ƙauye wanda ya san gidan da aka shiga da dare. Ya kamata kowace ikilisiya ta san waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, na Kirista da na Musulmi da na mai bin gargajiya, ta ware musu kaso daga baikon Ista, ta kai musu irin shuka kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ta kuma haɗa kai da liman da jauro wajen kai ƙarar masu garkuwar gaban hukuma da sunan garin gaba ɗaya, don kada a bar iyali guda su tsaya su kaɗai.